Wata Uku Ka Zama Injiniya? Kwalliyar Da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata wani abokin aikina, malamin lissafi wanda 'yan shekaru kaɗan suka rage masa ya ajiye alli, ya same ni a ofishin malamai da takarda a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Takardar ta neman rance ce daga ƙungiyarmu ta gama-kai, yana so in sa hannu in tsaya masa. A cikin wayar kuma talla ce: wani saurayi fes da shi, kwamfuta a kan cinya, yana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa cikin wata uku za a mai da yaro gwanin gina shafukan intanet, ya riƙa karɓar albashi da dala yana zaune a ɗakinsa. Ɗan malamin ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, yau shekara biyu yana zaman jiran tsammani a gida. Kuɗin da ake nema ya kai albashin mahaifinsa na wata biyar, ban da kuɗin kwamfutar da za a saya. Na karanta tallar sau biyu, na mayar masa da takardarsa, na ce, "Malam, ka yi mini aikin gafara, ba zan sa hannu ba." Mako biyu ya yi yana amsa gaisuwata a daƙile.

Ban ga laifinsa ba. Duk uban da yake wuce ɗansa kwance da hantsi a kan hanyarsa ta zuwa aiki ya san irin zafin da ake ji. Amma da yake na samu labarin cewa irin wannan takarda ta fara yawa a teburin kwamitin rance, na ga ya wajaba in faɗi dalilina a fili, kowa ya ji, wanda zai yi fushi ya yi.

Matsayina shi ne, waɗannan makarantu na gaggawa da 'yan zamani ke kira butkam suna sayar da abin da ake samu kyauta, suna kuma alkawarin abin da ba ya hannunsu. Karatun da suke koyarwa yana nan zube a intanet ba ko sisi. Aikin da suke cewa za a samu kuwa ba su ke ba da shi ba. Malamin da ya ci bashi ya biya su ya sayi romon baka ne da guminsa.

Sunan ma kansa aro ne daga bariki. Asalinsa sansanin da ake horar da kuratan soja, irin wanda muka sani a Zariya, inda ake ɗaukar matashi a tanƙwara shi na tsawon watanni kafin ya sa kaki. Sai dai wanda ya aro sunan ya bar rabin ma'anar a baya. Kurtu ba ya biyan kuɗin horo. Rundunar da ta ɗauke shi ita ke ciyar da shi, ita ke tufatar da shi, kuma ranar da aka yi faretin yaye su aikinsa na jiransa, domin tun farko don gurbin aka kira shi. A wannan sabon sansani kuwa kai ne mai biya, kai ne mai ciyar da kanka, ranar yaye kuma a miƙa maka takarda a nuna maka ƙofa.

Amurka ce ta haifi wannan sana'a, saboda haka a can ya kamata mu duba yadda ta kaya. A 2012 aka buɗe Dev Bootcamp a birnin San Francisco, ɗaya daga cikin na farko. Kamfanin Kaplan, wanda ya daɗe a harkar ilimi, ya saye ta a 2014. A 2017 ta rufe, kuma a wannan shekarar wata babba mai suna The Iron Yard ita ma ta naɗe tabarmarta. A 2017 ɗin dai babban lauyan gwamnatin jihar New York ya tilasta wa makarantar Flatiron biyan dala 375,000, saboda ta yi aiki ba lasisi, kuma ta yi talla da alƙaluman samun aiki ba tare da bayyana abin da ke ƙarƙashinsu ba. Tana cewa kashi 98.5 cikin ɗari na ɗalibanta sun samu aiki, alhali a cikin lissafin har da masu ɗan ƙwarya-ƙwaryan aiki na wucin gadi, da masu koyon aiki, da masu neman 'yar kwangila da kansu.

Labarin da ya fi dacewa kowane uba ya ji shi ne na Lambda School, wadda Austen Allred ya kafa tare da abokinsa a 2017, daga baya ta sauya suna zuwa BloomTech. Ita ta zo da dabara mai daɗin ji: kada ka biya komai yanzu, sai ka samu aikin da ya kai dala 50,000 a shekara, sa'an nan ka riƙa ba mu kashi 17 cikin ɗari na albashinka har shekara biyu, kuma jimillar ba za ta wuce dala 30,000 ba. Ta riƙa gaya wa ɗalibai cewa ita ba ta cin riba sai sun ci. Wa zai ji wannan bai amince ba? A watan Afrilun 2024 hukumar gwamnatin Amurka mai kare jama'a daga zaluncin masu ba da bashi, wadda ake kira CFPB, ta fitar da sakamakon bincikenta. Ta gano cewa makarantar na tallar kashi 71 zuwa 86 cikin ɗari na ɗalibanta suna samun aiki, alhali alƙaluman da take ajiyewa a cikin gida sun fi kusa da kashi 50, wani lokaci ma har 30. Ta gano cewa yarjejeniyar da ake cewa ba bashi ba ce, bashi ce tsagwaronta mai kuɗin ruwa a ɓoye. Ta kuma gano cewa makarantar na sayar da waɗannan takardun yarjejeniya ga masu zuba jari ta karɓi kuɗinta tun ɗalibi bai ga ko inuwar aiki ba. Aka haramta wa makarantar ba da bashi har abada, aka haramta wa shugabanta harkar bashin ɗalibai na shekara goma, aka ci su tara.

Ku lura, wannan a ƙasar da take da hukumomi masu haƙora ne, da lauyoyi masu jiran a kira su, da manyan kamfanonin fasaha a bakin ƙofa. Can ma sai da aka yi shekaru ana cin kasuwa kafin hukuma ta kama bakin zaren. Idan haka ta faru a can, wa zai ƙwato wa ɗan malamin firamare haƙƙinsa daga wata makaranta da adireshinta bai wuce shafin Instagram da lambar asusun banki ba?

Batun alƙaluma kuwa, mu malamai bai kamata a yi mana wannan wayo ba, domin mun san shi tun kafin a haifi masu yin sa. Mun san makarantar kuɗi da ke kafa allo a bakin titi tana cewa duk ɗalibanta sun ci jarrabawar WAEC, alhali tun a aji biyar ta sallami duk wanda ta ga ba zai kai labari ba, ta ce ya je ya yi rajista a wani wuri. Haka butkam ke yi. Ɗari suka shiga, arba'in suka gudu a tsakiya, ba a lissafa su. Cikin sittin da suka gama, ashirin ba su amsa saƙon tambaya ba, a cire su. Cikin sauran, wanda makarantar ta riƙe yana taya sababbi karatu a kan ɗan kuɗin mota, an ce ya samu aiki. Wanda ya yi wa kawunsa shafi ɗaya aka ba shi na goro, shi ma ya samu aiki. Da haka ake wayar gari da kashi casa'in. Wannan misali ne na bayar don a ga yadda ake dafa lissafin, amma duk wanda ya taɓa tattara sakamakon jarrabawa ya san ba ƙirƙira na yi ba.

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne. To, mu dawo Legas. A 2014 aka kafa Andela, kuma ita tsarinta ya fi na duk wani butkam mutunci: tana tace masu nema tacewa mai tsanani, ta horar da su, ta riƙa biyan su albashi suna koyo, sa'an nan ta haɗa su da kamfanonin ƙetare. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba mata dala miliyan 24. Amma a watan Satumban 2019 Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda. Dalilin da ta bayar a fili yake: masu neman ma'aikata a wurinta gogaggu suke so, kasuwa kuma ta cika da sababbin hannu. Kamfanin da ya zaɓi haziƙai daga cikin dubbai, ya horar da su da kuɗinsa, yana da abokan hulɗa a Amurka, shi ne ya kasa sama wa sababbin hannu gurbi. Ta yaya wani mai hayar ɗaki biyu a saman bene zai yi wa ɗanka alkawarin abin da ya gagari Andela?

Kuma wancan lokacin kasuwa na da sauran danshi. Daga ƙarshen 2022 manyan kamfanonin suka shiga zubar da ma'aikata: Meta, mai Facebook da WhatsApp, ta sallami 11,000 a watan Nuwamba na shekarar, a Janairun 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Da yawa daga cikin waɗannan mutane ne masu shekaru a kan aiki, kuma da su ɗan wata uku zai yi gogayya. A Nuwamban 2022 ɗin ne kuma aka saki ChatGPT, wadda ita da ire-irenta ke iya rubuta ɗan ƙaramin shafin intanet kafin ka gama shan shayi. Irin aikin da a da ake ba sabon hannu ya koyi tafiya da shi, shi na'ura ta fara lashewa. Makarantun Amurka sun ji a jikinsu. Codeup ta jihar Texas ta rufe bagatatan a ƙarshen 2023 ɗalibai na tsaka da karatu. Kamfanin 2U, wanda ya sayi Trilogy a kan dala miliyan 750 a 2019 don gudanar da irin waɗannan kwasa-kwasai da sunan jami'o'i, ya shigar da takardar karayar arziki a 2024. Hajar da ta yi kwantai a kasuwar da aka ƙera ta, ita ake kawo mana yau da sabon kwali.

A gida ma sai mu tambayi kanmu, wa zai sayi shafin? Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, da mai turaren wuta, da mai dinkin hula, duk sun riga sun samu kasuwarsu a WhatsApp da Instagram da Facebook ba tare da sun biya kowa ba. Wanda ya matsa sai ya yi shafi, akwai WordPress da makamantanta da ke ba shi ginanne ya sa hotunansa. Aikin da ake biya da kyau yana wurin bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi da manyan hukumomi, su kuma kafin su ɗauki mutum sai sun zaunar da shi sun ba shi matsala ya warware a gabansu, sun duba abin da ya taɓa ginawa. Takardar shaidar butkam ba ta cikin abin da suke tambaya.

Yanzu ga inda abin ya shafi sana'armu kai tsaye. Mene ne ake koyarwa a wata ukun? HTML, wanda shi ne ƙashin shafi. CSS, wanda shi ne tufafinsa da kwalliyarsa. JavaScript, wanda ke sa shi motsi ya amsa in an taɓa shi. Sai a ɗora React a kai, a leƙa rumbun ajiyar bayanai, a nuna yadda ake adana aiki a GitHub, a rufe da wani aikin ƙarshe wanda kowa a ajin ya kwaikwaya daga allon malami. Na farko da na biyu yaro mai ƙwazo zai kama su cikin makonni. Na ukun kuwa harshe ne mai nahawunsa da lissafinsa, kuma wanda ya taɓa koyar da harshe ko lissafi ya san bambancin hadda da fahimta. Ɗalibi zai iya bin malami layi bayan layi shafi ya fito a allo, ya tafa wa kansa. Ka ɗauke malamin, ka ba shi farar takarda da sabuwar matsala, sai ka ga ido ya raina fata. Ainihin sana'ar ita ce zama da abin da ya ƙi aiki, awa uku, awa biyar, kana bin sawun kuskure ɗaya, kana karanta bayanin da aka rubuta da Turanci mai tsauri, har ka gano cewa waƙafi ɗaya ka manta. Wannan haƙuri ba a ɗura shi da mazurari. Mu da muke shafe zango guda muna fama da yara a kan kasa lamba gida-gida, mun fi kowa sanin cewa ƙwaƙwalwa tana da nata saurin, kuma kuɗi ba ya ƙara mata.

Sa'an nan wa ke koyarwar? Kafin a bar ɗayanmu ya tsaya gaban 'yan aji ɗaya, doka ta ce sai ya yi shekara uku ya samu NCE, ya yi koyarwar gwaji, ya yi rajista da TRCN. Jami'a tana ƙarƙashin NUC, kwalejin ilimi tana ƙarƙashin NCCE, kwalejin fasaha tana ƙarƙashin NBTE da ke Kaduna. Mun san waɗannan hukumomi suna da nasu rauni, mun sha faɗa a wannan mujalla da wajenta, amma aƙalla akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mai butkam zai nuna maka takardar rajistar kamfani daga CAC a cikin gilashi, kamar ita ce izinin koyarwa. Wannan takarda shaida ce kawai cewa sunan kasuwancinsa na cikin kundi, irin wadda mai gidan burodi ma yake da ita. Kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar wanda ke tsaye a gaban aji ɗalibin bara ne da bai samu aiki a waje ba.

Kuɗin da aka rubuta a talla ma somin-taɓi ne. Akwai kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Akwai data, wadda aka amince a ƙara wa farashinta har kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Akwai wuta, ko man janareta, wanda kowa ya san yadda ya koma tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. In makarantar a Legas ko Abuja take, akwai masauki da abinci da mota. Akwai kuma watannin da za su biyo bayan yaye, na neman aiki, waɗanda ba mai faɗa maka tsawonsu. Duk wannan a wuyan ma'aikacin da ƙasarsa ta sa mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a 2024, wanda kuma malamai a wurare da dama sai da suka yi ta kai gwauro suna kai mari kafin su gan shi a asusunsu.

Na san abin da za a mayar mini, kuma abokina ya riga ya faɗa mini shi a fuskata: banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya ce yaro in ba a biya masa ba ba zai ɗauki abu da muhimmanci ba, karatun kyauta kowa na farawa amma ƙalilan ke gamawa. Wannan magana tana da gaskiya a ciki, ba zan yi mata kwana ba. Koyo kai kaɗai a ɗaki abu ne mai wuya. Mutum na bukatar lokacin shiga da na fita, da abokan tafiya, da wanda zai duba aikinsa ya ce nan ka yi daidai, nan ka kauce. Mu da muke cin abinci da wannan ba za mu ce ba shi da daraja ba. Kuma akwai waɗanda suka bi ta butkam suka samu aiki, na yarda. Sai dai in ka bincika yawancinsu, za ka tarar ko dai sun riga sun fara koyo da kansu tun kafin su shiga, ko suna da digiri a fannin da ke kusa, ko suna da wani ɗan uwa a ciki da ya riƙe hannunsu. Makarantar ta ɗauki hotonsu ta liƙa, ta ce ita ta yi su.

To in malami da wuta da abokan karatu ne abin bukata, a saye su da sunansu, kowanne a kan farashinsa. Manhajar karatun tana nan kyauta. Akwai freeCodeCamp, wadda Quincy Larson ya kafa a 2014, kuma shi ma tsohon malamin makaranta ne. Akwai The Odin Project. Akwai CS50 na jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, kowa na iya bin darussansa ba biya. Akwai shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 tare da NITDA, da burin horar da mutum miliyan uku, wanda ba a biyan kuɗin shiga. Ba kirari nake yi wa gwamnati ba, malamin da ya san jiran ƙarin girma ba zai rantse da alkawarinta ba, amma abin da aka ce na jama'a ne da kuɗinmu aka yi shi, a nema. Abin da ya rage uba ya kashe wa kuɗi shi ne kwamfuta ta hannu mai lafiya, da data, da wurin zama mai wuta, da ɗan ihsani na wata-wata ga wani mai aikin a hannu wanda zai duba abin da yaro ya rubuta. Jimillar wannan ba ta kama ƙafar kuɗin butkam ba, kuma in tafiya ta ƙi, kwamfutar tana nan, ana iya sayar da ita ko ƙanne su amfana.

Kakanninmu sun fi mu iya wannan ciniki. Wanda zai kai ɗansa koyon kanikanci yakan je garejin ya zauna, ya ga motoci na shiga da ciwo suna fita da lafiya, ya tambayi maƙwabta halin ubangidan. Ba wanda ke cewa wata uku. Shekaru ake yi, ana farawa da wanke sifana, kuma ubangida da sana'ar yake ci, ba da kuɗin yaran ba. Duk mai koyar da sana'ar da kuɗin ɗalibai ne kaɗai abincinsa, a tambaye shi dalilin da ya sa sana'ar da yake cewa tana kawo dala ba ta riƙe shi ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake roƙon kowane gida ya yi kafin a taɓa ko kwabo. A ba yaro, ko yarinya, domin 'yan matanmu ba su gaza kowa a wannan fanni ba, wata biyu. Awa biyu kullum a kan ɗaya daga cikin darussan kyautan nan. A ƙarshe ya gina shafi guda na gaske, na makarantar mahaifinsa ko na sana'ar mahaifiyarsa, wanda zai buɗe a wayar kowa a gidan. In ya yi, kuma ka ga yana manta abinci saboda wani abu ya ƙi aiki, to akwai sana'ar a jininsa, kuma a lokacin shi da kansa zai san abin da ya rage masa da wanda ya cancanci a biya. In kuwa mako biyu ya ajiye ya koma kallon ƙwallo, ka gode wa Allah da ka gane da kuɗin data kawai. Ba aibu ba ne, ba kowa aka yi don wannan ba, kamar yadda ba kowa aka yi don aji ba.

Wanda duk da haka ya ce sai ya biya, to ya je da idonsa a buɗe. Ya tambayi mutum nawa suka shiga a bara, ba nawa suka gama ba, kuma cikin waɗanda suka shiga nawa ne ke karɓar albashi a wannan aiki yau. Ya ce a haɗa shi da tsofaffin ɗalibai, shi zai zaɓa daga jerin sunaye, kada a zaɓa masa. Ya nemi sanin inda malamin ya taɓa aiki da abin da ya gina. Ya ƙi biyan kuɗi dunƙule, ya ce wata-wata, kuma a rubuta abin da za a mayar masa in ya janye ko makarantar ta rufe. In an ce masa karanta yanzu biya daga baya, ya tuna da Lambda, ya kai takardar wurin lauya kafin yaro ya sa hannu, ya kuma tambayi abin da zai faru in aikin da aka samu ba na kwamfuta ba ne. Makarantar kirki ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wadda ta ce gurbi ya kusa cika, rangwame zai ƙare ranar Juma'a, ta riga ta ba ka amsa.

Ba zan rufe ba sai na taɓa namu laifin. Dalilin da ya sa iyaye ba sa iya tantance wannan talla shi ne, a makarantunmu da yawa har yau da alli ake zana kwamfuta a allo, a ja kibiya a rubuta sunayen sassanta, yara su haddace su ci jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yanzu akwai ɗaliban da ranar jarrabawar ce rana ta farko da yatsunsu ke taɓa madannai. Gurbin da makarantar gwamnati ta bari, shi 'yan kasuwa suka shigo suna sayarwa da tsada. Da a ce yaro ya rubuta layi goma na HTML a ƙaramar sakandare, da ba wanda zai ruɗe shi da shi yana da shekara ashirin da biyar. Ɗakin kwamfuta mai wuta da malamin da aka horar ya kamata su shiga jerin bukatun da reshenmu ke kai wa hukumar ilimi, a jere da batun albashi da ƙarin girma.

A taron reshe mai zuwa zan gabatar da ƙudiri cewa kwamitin rance na ƙungiyar gama-kai kada ya amince da bashin irin wannan kwas sai mai nema ya kawo rubutacciyar yarjejeniyar makarantar, da shaidar cewa ɗalibin ya yi wata biyu yana koyo da kansa, kuma ya kasance ana sakin kuɗin kashi-kashi. Ina neman wanda zai mara mini baya, ina kuma maraba da wanda zai tashi ya ƙalubalance ni da hujja. Abokina malamin lissafi ya dawo mini da wata takardar bayan hutu, wannan karon ta kuɗin kwamfuta ta hannu da data na wata uku, abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na rancen farko ba. Ita na sa mata hannu nan take, da sharaɗin cewa ranar rufe makaranta yaron zai zo ofishin malamai ya nuna mana shafin da ya gina wa makarantarmu.